Tsoron naƙuda ma yana da magani

Yau da ke nake, mai juna biyu, musamman idan cikin fari ne, sai kuma kai maigida.

A shekarun da na yi ina aikin magunguna a Kafanchan, na lura akwai maganin da masu ciki ke tambaya da murya ƙasa-ƙasa. Mace za ta karɓi na ƙarin jini, ta jira layi ya ragu, sannan ta ce, "Anti, ba na samun barci." Idan na bi ta a hankali, sai in tarar tunanin ranar haihuwa ne ke hana ta runtsawa. Wata ta ji labarin maƙwabciyar da jini ya ɓalle mata. Wata ba ta taɓa taka ɗakin haihuwa ba, ihun da ake jiyowa daga waje kawai ta sani. Wata kuma ta ga tashin hankali a ƙauyensu, har yau ƙarar babur na firgita ta. Ba na miƙa musu ƙwayar barci, domin irin su diazepam ba abin da mai ciki za ta sha da ka ba ne, kuma idan ƙwayar ta saki, tsoron yana nan.

Kada a ɗauki wannan tsoro a matsayin raki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 10 cikin 100 na masu ciki da kashi 13 na masu jego suna fama da matsalar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa, kuma a ƙasashe masu tasowa adadin ya kai kusan kashi 16 da kashi 20. Jiki ma yana ɗaukar nasa rabon. Idan mace ta firgita, sinadarin adrenalin yana yawa a jininta, shi kuma yana iya rage aikin oksitosin, sinadarin da ke sa mahaifa ta matsa. Tsoka ta ɗaure, ciwo ya ƙaru, naƙuda ta iya jan lokaci.

Wannan ne ya sa wasu asibitocin ƙetare suka fara gwada wata na'ura da ake kira VR. Tabarau ne mai kama da na mai walda, wanda idan kin sa za ki ga kamar kina bakin teku ko cikin daji, duk inda kika juya kai hoton na binki. Tun ƙarshen shekarun 1990 masu bincike a Jami'ar Washington da ke Amurka suka yi amfani da shi ga masu ƙuna lokacin wankin ciwo. A 2019 kuma babban asibitin Kadif da ke Wales ya gwada shi ga mata masu naƙuda. Dabarar ita ce hankalin mutum ba ya ɗaukar abu biyu da ƙarfi ɗaya. Idan ido da kunne suka tafi wani wuri, zafin da ake ji yakan ragu. Akan kuma yi amfani da shi tun kafin ranar, a zagaya da mace ɗakin haihuwa tana zaune, ta koyi yadda za ta ja numfashi.

A matsayina na mai ba da magani, abin ya burge ni, domin babu abin da ke shiga jini ya kai ga jariri. Amma yana sa wasu jiri da tashin zuciya, yana buƙatar caji da gogewa bayan kowace mace, kuma ba ya tsayar da jini, ba ya sauke hawan jini. Matar da ta taso daga Godogodo ko Zonkwa cikin dare, ungozoma da jinin ƙari da allurar da aka adana a firij take fara buƙata.

Abin da na ɗauka daga na'urar shi ne, abin da ido ya riga ya gani ba ya tsorata zuciya kamar wanda aka ji a labari. Wannan kuwa muna iya yin sa ba tare da tabarau ba. Muna da asibitin Sir Patrick Yakowa, wanda gwamnatin tarayya ta mayar cibiyar lafiya ta tarayya a 2025, ga kuma kwalejin koyar da nas-nas da ungozomomi a garin. Ranar awo, ki roƙi ungozoma ta nuna miki ɗakin haihuwa idan babu kowa a ciki. Ki tambaye ta me za a yi miki da isarki, wane maganin rage zafi ke akwai, wa za a bari ya zauna kusa da ke. Tun 2016 ake ba da shawarar zuwa awo sau 8, don haka akwai lokacin tambaya. A gida ki saba da jan numfashi a hankali na minti 10 kullum, tare da karatu ko waƙar da ke kwantar miki da hankali a wayarki. Zumuntar mata da makarantun Islamiyya su ma za su iya gayyato ungozoma ta yi bayani, maimakon a bar masu cikin fari da labaran gidan suna.

Kai maigida, idan ta ce tana jin tsoro, kada ka ce mata ai kowa haka ta haihu. Ka saurare ta, ka raka ta awo, ka tanadi mota da kuɗi da mai ba da jini tun wata na bakwai. Bayan haihuwa ma ka sa ido. Kuka da ƙunci na 'yan kwanaki ba baƙon abu ba ne, amma idan ya wuce mako 2, ko ta ƙi jaririn, ko ta ambaci cutar da kanta, a kai ta asibiti a ranar.

Allah ya sauke ku lafiya. Sai mako mai zuwa.