Ƙofar Ruwa: Inda Ake Sa Wa Mota Takalmin Wata

Ƙofar Ruwa tana cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar Kano, a ɓangaren arewa, tsakanin Ƙofar Mazugal da Ƙofar Dawanau. Amma a yau idan ka ce wa mai Adaidaita Sahu ya kai ka Ƙofar Ruwa, kasuwa zai sauke ka, inda rodi da ƙarafa da kayan mota suka cika rumfuna har suka malalo bakin titi. Daga nan Dutsen Dala ba nisa, kuma masana tarihi sun tabbatar an narka tama a gindinsa fiye da shekara dubu da suka wuce. Ƙarar guduma a wannan yanki ta girmi kakan kowa.

Wanda ya ratsa layukan 'yan kayan mota zai ga tarihin titunan Nijeriya a zube a ƙasa. Tun da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, an ɗauki shekaru 504 da 505 ne ke mulkin hanyoyin Arewa, bakanike kuwa ya haddace su kamar yunwar cikinsa. Daga baya motocin da ake kira Beljiyam suka kwararo ta Legas da Kwatano: ƙirar Japan, ƙirar Jamus, da waɗanda aka ƙera don kasuwar Amurka. Kowace ta zo da nata awo. Abin da ya rage wa mai gyara shi ne ya haɗa dangin da masu ƙera su ba su taɓa nufin su haɗu ba.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar wajen masu sayar da wili, wato ƙarfen da taya ke zama a kansa. Ana jera su bisa juna kamar kwanukan amarya, na baƙin ƙarfe a ƙasa, na alminiyom masu sheƙi a sama. Masu saye kashi biyu ne. Akwai wanda rami ya lanƙwasa masa wili a hanya, ya tarar na ainihin motarsa ya yi tsada ko babu shi. Akwai kuma matashin da ya ga wilin wata mota ya burge shi. Dukansu amsa ɗaya suke ji: “Alhaji, wannan ma zai hau, rami biyar ne.” Sau da yawa yana hawa. Sai dai kama da wane ba ta wane.

Ramukan noti suna zaune ne a kan da'ira, kuma faɗin da'irar ya bambanta. Camry da Accord ta 2003 zuwa gaba suna da rami biyar a kan milimita 114.3. Corolla ƙirar Amurka ta 2003 zuwa 2013 rami biyar gare ta, amma a kan milimita 100. Marsandi tana kan 112. Tsakanin 112 da 114.3 ido ba ya ganin komai, sifana kuma za ta iya tilasta notin ya shiga, amma zai zauna a karkace, ƙusar da ke riƙe da shi tana lanƙwashe, tana jiran ranar karyewa. Haka nan ramin tsakiyar wili: na Camry milimita 60.1 ne, na Accord 64.1. Saboda haka wilin Accord yana hawa Camry, amma yana bukatar zobe da zai cike giɓin, in ba haka ba sitiyari ya riƙa rawa idan an ɗauki gudu. Wilin Camry kuwa ba ya shiga Accord sai an sassaƙe tsakiyarsa. Ko notin ma ba ɗaya ba ne. Wilin alminiyom na Toyota yana son noti mai shimfiɗaɗɗen gindi da wosha, na Honda yana son mai gindi kamar ƙwallo. Zarensu ɗaya, mazauninsu daban, kuma notin da bai zauna daram ba yana kwancewa da kansa.

Idan an tsallake waɗannan, sai a iso babbar jarrabawa, wato birki. A bayan wilin gaba akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya, da muƙamuƙin da ke matse shi idan an taka birki, wanda makanikai ke kira kalifa. Dole wili ya kewaya wannan muƙamuƙi ba tare da ya taɓa shi ba, ta sama da ta gaba. Motar da aka yi wa babban faifai ba za ta karɓi ƙaramin wili ba, ko da ramukan sun dace, domin cikinsa zai dafe kan kalifa. Wani wilin kuma girmansa ya isa, inci 16 ko 17, amma hannuwansa a miƙe suke, ba su gantsare sun ba da wuri ba, sai su riƙa gogar fuskar kalifa. A bayan yawancin wili akwai lamba da aka buga, misali ET45, wadda ke nuna nisan mazauninsa daga tsakiyar faɗinsa. Idan lambar ta yi sama, wili ya nutsa ciki kusa da birki da shokazoba. Idan ta yi ƙasa, ya fito waje, taya ta goge jikin mota, boris kuma ya ɗauki nauyin da ba nasa ba.

A nan ake gane gwani. Na tsaya a gefen wani dattijon bakanike da aka kawo wa mota da sabon wili daga cikin kasuwa. Bai taɓa sifana ba sai da ya ɗaga motar a jak, ya ɗaura noti biyu da hannu, ya juya tayar a hankali yana saurare. Sannan ya zura kwali tsakanin wilin da kalifa, ya sa yaronsa ya murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu. Ya dubi mai motar ya ce, “Ranka ya daɗe, yanzu bai taɓa ba, amma idan ƙarfe ya yi zafi zai taɓa. A mayar a canzo.” Abin da ya faɗa shi ne abin da injiniyoyi ke koyarwa: ƙarfe yana buɗewa da zafi, wili yana ɗan lanƙwasa a kwana, don haka ake son tazarar kamar milimita 3. Ko dalmar da ake mannawa a cikin wili don daidaita shi tana iya cinye wannan tazara.

Ba kowa ke mayarwa ba, a Kano ko a wani gari. Wasu suna sa sifesa, faifan da ake sakawa a bayan wili don tura shi waje. Dabarar tana aiki idan sifesar ta zauna daidai a tsakiya, amma duk milimitar da ta ci daga tsawon ƙusa ta ci ta ne. Ƙusa mai kaurin milimita 12 tana bukatar noti ya kama aƙalla milimita 12 na zarenta, wato juyi takwas. Idan ya tsaya a huɗu, sai a canza ƙusoshin da dogaye ko a haƙura. Mafi muni shi ne a ɗauko injin gurza a rage kalifa. Wannan ƙarfe shi ke riƙe da matsin man birki duk lokacin da direba ya taka, kuma kaurinsa ba ado ba ne. Wanda ya gurje shi don wili ya yi kyau ya sayar da tsayawar motarsa, kuma ba shi kaɗai zai biya ba. Motar haya da ta tashi daga Kano zuwa Katsina cike take da mutanen da ba a shawarce su ba.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan hatsi haka ne. A kan milimita 2.3 ido bai san komai ba, kuma wannan ba gazawar 'yan kasuwa ba ce. Mutanen da suka riƙe motoci masu shekara ashirin a kan hanya, ba littafin kamfani, ba kayan ainihi, sun cancanci girmamawa. Abin da suka rasa ƙarami ne: ma'aunin milimita a kowace rumfa, da takarda ɗaya da Hausa mai ɗauke da awon motocin da suka fi yawa a titunanmu. Jami'o'i da kwalejojin fasaha na Kano suna yaye ɗaliban injiniya kowace shekara, da yawansu suna neman aikin kammala karatu da zai amfani wani. Ga shi nan a Ƙofar Ruwa. Ɗalibi ya zo da lambobinsa, bakanike ya zo da kunnensa da shekarunsa, ƙungiyar 'yan kasuwa ta liƙa sakamakon a bango inda mai saye zai gani kafin ya biya.

Kafin a kai can, mai mota yana da tambaya uku da zai yi a bakin rumfa: nawa ne awon ramukan, notin na wannan wilin ne, kuma me ya rage tsakaninsa da birki? Mai kayan da ya san sana'arsa ba zai ji haushi ba. Zai tura yaro ya ɗauko jak.