Birnin Zariya: Inda Ake Gane Gwana Daga Jan Zarenta

Idan kika bar hayaniyar Tudun Wada kika shiga Birnin Zariya ta Ƙofar Doka, ki rage sauri ki riƙa leƙa zauruka. A unguwanni irin su Kwarbai da Magajiya da Alfadarai za ki ga maza zaune a kan tabarma, shadda a cinya, kai a sunkuye, allura na shiga tana fita. Baƙi sukan zo ganin fadar Sarkin Zazzau da tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, amma ɗinkin babbar riga shi ne sana'ar da ta ratsa gidajen birnin.

Rabin aikin ba a zaure yake ba, yana cikin gida. Da can sana'ar maza ce. Daga wajejen shekarun 1970 mata suka shigo ta sosai, kuma yau mata da yawa da ita suke sayen kayan ɗakin 'ya'yansu ba tare da sun taka ƙofar gida ba.

Riga takan bi hannuwa da dama. Mai zane ya fitar da aska biyu ko aska takwas a gaban rigar, ya zana tambari. Masu ɗinki su cike zanen, wani lokaci da zaren tsamiya, wanda ake samu daga gidan wata tsutsar daji. A ƙarshe mabuga su ɗora ta a kan gungume su buge ta har ta yi sheƙi. Aikin yakan ci makonni, mai nauyi ya ci watanni.

A nan ne jan zare yake zama maganar kuɗi. In kika ja da ƙarfi, shadda ta tattare, aljihun rigar ya ƙi kwanciya. In kika sassauta, zare ya tashi, wanki biyu ya fara kama abubuwa. Bugu ba ya gyara ko ɗaya. Mai ba da aiki yakan juya rigar ya duba bayanta, ya shafa da tafin hannu. Wadda aikinta ya kwanta sumul ita ake sake aika wa yaro da riga. Wadda nata ya yamutse sai a rage mata lada, ko ta ji shiru.

Uwar gida mai saƙar kwarashi, wannan darasi naki ne, musamman da hunturu, lokacin hula da safar jarirai. Ki naɗa zare a ƙaramin yatsa ki ɗora shi a kan manuni, kuma kullum riƙon ya zama iri ɗaya. Kaurin jikin kwarashin ne ke auna girman kowane ido, don haka kada ki ɗaure shi a bakin ƙugiya. Ki warware isasshen zare daga dunƙule kafin ki fara, kada nauyinsa ya riƙa fisgar hannunki. Kada ki sauya kwarashi a tsakiyar aiki. In gajiya ko ɓacin rai ya kama ki, ki ajiye, domin hannu yakan ƙanƙame zare ba ki sani ba, sai hula ɗaya ta fito rabi a matse rabi a sake.

Ranar da hanya ta kai ki Zariya, ki roƙi mai masaukinki ta shiga da ke gidan masu ɗinki da hantsi, bayan an kammala aikin safe. Kada ki tsaya kallon ado. Ki kalli yatsu.