Ƙofar Kabuga da Jarrabawar da Ba a Yi Mana Ba

Duk wanda zai bar birnin Kano ya nufi yamma, ko Rijiyar Zaki za shi, ko sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ko Janguza, ko Gwarzo, da wuya hanya ba ta biyo da shi ta Kabuga ba. Nan ne motocin da suka fito daga cikin gari ta Tal'udu suke gamuwa da waɗanda suka biyo gefen ganuwa daga Gadon Ƙaya da Dukawuya, sannan ga na titin Gwarzo suna kwararowa da ma'aikata da 'yan kasuwa. Ƙara da ɗaliban tsohon mazaunin jami'a, da masu tallan lemo da ruwan leda, da almajirai, sai ka samu wurin da ba ya yin shiru daga asuba har dare ya raba. Na daɗe ina bin wannan hanya, a mota da kuma a ƙafa, kuma a ganina babu inda ya fi ta nuna yadda muke tuƙi a garin nan.

Ƙofar tana da tarihinta. Tana cikin ƙofofin da aka samu sa'ad da Wambai Giwa ya faɗaɗa ganuwa ta wannan ɓangare a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, a farkon ƙarni na 17. Ta nan ne kuma sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka kutsa birni a watan Fabrairun 1903, lokacin da Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Abin da ya fi jan hankalina a tarihin ƙofofin Kano shi ne ƙuncinsu. An yi su ne yadda raƙumi da kayansa zai wuce, na bayansa ya jira. Akwai Sarkin Ƙofa mai lura da shige da fice, ana kuma rufewa idan dare ya yi. Fatake da masu jakuna ba su da lasisi, amma ginin da kansa ya tilasta musu bin layi, domin ba yadda za a yi biyu su shiga a tare.

Yau ganuwar ta zaizaye, titi ya yi faɗi. A zangon mulkin Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, aka haƙa gadar ƙasa a mahaɗar, kuma gaskiya ta rage cunkoso ga wanda zai miƙe. Shi wannan ya nutsa ya ɓullo ta ɗaya gefen, bai san abin da ake ciki ba. A sama ake yin ta. Duk mai son juyawa, da mai sauke fasinja, da mai tsallaka titi, a nan suke cakuɗuwa, kuma dokar da ke aiki guda ɗaya ce: wanda ya riga cusa hancin motarsa shi ke da hanya.

Tsaya a gefe da misalin ƙarfe huɗu na yamma ka sha kallo. Mai adaidaita sahu yana tafe a tsakiyar titi, wata ta ɗaga masa yatsa daga bakin kwata, nan take ya karya kai ya yanko ba tare da ya waiwaya ba. Na bayansa ya taka burki har taya ta yi ƙara, ya leƙo ta taga yana faɗin abin da ba zai rubutu a jarida ba. Mai babur ya biyo hannun da ba nasa ba, da buhu a gaba da yara biyu a baya, yana kunna maka fitila don ka kauce masa, kai da kake kan daidai. Ga mai tifa ya ɗauko yashi, ya san girman motarsa ya isar masa hujja. Ga kuma wani alhaji a mota mai baƙin gilashi, ya tsaya sayen ayaba ya tare rabin hanya, kuma ko a jikinsa. Sigina kuwa ta zama ado. Wani ya kunna ta hagu ya juya dama, wani ya manta da ita tana ƙiftawa tun daga Tal'udu har Rijiyar Zaki. Da yawa sun naɗe madubin gefe don kada a fasa musu, wato sun zaɓi su ceci madubin su bar ganin abin da ke bayansu.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai koyo, wanda ya liƙa jan harafin L a bayan motarsa. An sa alamar ne don a yi masa uzuri, amma a Kabuga ita ce ke jawo masa tsangwama. Da ya ɗan yi jinkiri sai hon ya tashi ta ko'ina, ya rikice, mota ta mutu a tsakiyar mahaɗa. Idan mace ce, abin ya ƙara muni. Darasin da yake ɗauka a ranar ya goge duk abin da malaminsa ya koya masa: mai jira shi ne wawa.

A takarda, tsarin samun lasisi a Najeriya ba shi da laifi. Sai mutum ya cika shekara 18, ya halarci makarantar koyon tuƙi da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta amince da ita, jami'in duba ababen hawa, wanda aka fi sani da VIO, ya gwada shi a kan titi, ya biya kuɗi ga hukumar tara haraji ta jiha, sannan a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Hukumar kiyaye haɗurran kanta tun 1988 aka kafa ta. To amma mai karatu ya tambayi mutum goma da ya sani masu mota, nawa ne cikinsu wani jami'i ya taɓa zama a gefensu ya ce su ja ya gani? Ba sirri ba ne cewa akwai dillalai da ake miƙa wa kuɗi da hoto, bayan 'yan makonni kati ya fito. Na san wani matashi a unguwarmu da lasisinsa ya iso gida kafin ya iya yin ribas daga gareji.

Tsofaffin direbobi suna da abin faɗa a nan. Wanda ya tashi a tasha yakan shekara da shekaru yana yaron mota, yana wanki, yana sa waigi, yana canza taya, kafin maigidansa ya yarda ya miƙa masa sitiyari ko da a fili ne. Suna ba da labarin gwajin da ake yi musu: ribas tsakanin duro biyu ba tare da an taɓa ko ɗaya ba, da tashi a kan hawa ba tare da mota ta zame baya ba. Hanya ce mai wahala, kuma ba ta rasa zalunci a cikinta, amma akwai wanda zai ce maka ba ka isa ba tukuna. Mun saki wannan, ba mu kuma riƙe na zamanin da kyau ba.

Masu cewa halinmu ne, ba za mu gyaru ba, su tuna da ranar 2 ga Afrilun 1972. A ranar ce ƙasar nan gaba ɗaya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama. An yi ta shela a rediyo, an kafa alamu, kuma direbobin da yawancinsu ba su yi boko ba suka sauya abin da hannunsu ya saba da shi shekara da shekaru. An koya musu, sun kuma koya.

Batun adaidaita sahu yana buƙatar adalci. Sunan ya samo asali ne daga shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, wanda shi ma ya aro shi daga kiran da liman yake yi kafin a tayar da salla. Da aka hana acaɓa a Kano a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, dubban matasa suka sauka daga babur suka hau mai ƙafa uku. Sun zo da ɗabi'ar babur, ta kurɗawa duk inda aka ga rata, a cikin abin hawan da ya ninka babur faɗi. Ga balas da mai keke yake jira kowace yamma, ga man fetur da ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafi a 2023. Wanda ke ƙirga fasinja da wannan lissafi a kansa ba zai bar ko ɗaya ya wuce shi don yana tsallaken titi ba. Wannan bayani ne kawai, domin ɗalibar da aka kaɗe a bakin gada ba ruwanta da balas ɗin kowa.

'Yan Karota, da aka kafa hukumarsu a 2012, su ne suka gaji Sarkin Ƙofa, kuma aikinsu ya fi nasa wuya. Suna tsaye cikin rana suna hukunta mutane a kan dokokin da ba wanda ya taɓa tambayar su ko sun sani. Jama'a kuma suna kukan cewa tara ta fi gyara yawa. Ana kama mutum, ya biya, ya koma ya ci gaba da yadda ya saba, da ƙarin haushi a ransa.

Da za a tambaye ni, da na ce a dawo da gwajin kan titi da gaske, kuma a yi shi a nan. Mai neman lasisi ya taso daga Gadon Ƙaya da jami'i a gefensa, a hana shi bin ƙasan gada, ya hau sama ya juya zuwa Tal'udu a lokacin da ɗalibai suke tashi. A duba ko ya kalli madubi, ko ya kunna sigina kafin ya karya, ko ya tsaya wa mai tsallakawa alhali na bayansa yana danna masa hon. A fara da masu ɗaukar fasinja, a kuma yi gwajin da Hausa kyauta ko da kuɗi kaɗan, domin idan aka tsauwala farashi, dillalan nan za a sake komawa wurinsu.