Wuƙar da ke raya icce

Kowace shekara ran 3 ga watan Agusta mukan fito, ma'aikaci da ɗan kasuwa, mu shuka itatuwa, a yi tafi, kowa ya kama gabansa. A ganina shuka ce mafi sauƙin aikin. Abin da ke raya icce shi ne sanin reshen da za a cire da lokacin cire shi.

Ni kam ƙarshen bazara nake yi wa itatuwan gidana aski, kafin iskar hadarin farko. Dogon yaro nakan rage masa rassan da suka hau rufin ɗaki ko suka doshi wayar lantarki. Mangwaro sai an gama cin ƴaƴansa nake taɓa shi, in cire busassun rassa da waɗanda ke gugar juna, domin iska da haske su shiga. Ƙarfen ya zama mai kaifi, a fara sara daga ƙasan reshe, don kada nauyinsa ya yage ɓawo ya bar miki, ƙwari su samu ƙofa. Abin da ke ɓata mini rai shi ne in ga an kira mai gatari ya gundule icce tsaf cikin tsananin zafi, wai don a huta da shara. Mai gidan ya sayar da inuwar shekara goma saboda aikin tsintsiya.

Wannan hikima manomanmu sun riga mu saninta. A 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura a jihar Maraɗi cewa kututturan da ake ƙonewa wajen sassabe suna da rai. Manoma suka shiga zaɓen tofo uku zuwa biyar mafi ƙarfi a gindin kalgo ko sabara, su datse sauran. Shi ne sassabin zamani. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 suka tashi bisa hekta miliyan 5, galibi a Maraɗi da Damagaram.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya shuka a Agusta ya koma da wuƙarsa baɗi, ya duba amanar da ya ɗauka. Allah ya ba mu damina mai albarka.