Ƙafa ɗaya ce ta kumbura

Akwai wani gwaji da na koya a bakin wani abokina da ya taɓa aikin jinya, na riƙe shi shekara da shekaru ina ganin ilimi ne. Cewa ya yi idan mutum na ciwon sha-raɓa, a miƙar masa da ƙafa, a kama tafin a tanƙwaro shi sama wajen ƙwauri. In ya yi ƙara, to akwai gudan jini a jijiya, a garzaya da shi asibiti. In bai ji komai ba, tsoka ce ta gaji. Da wannan gwaji na kusa jawo wa yayana asarar ransa.

Yaya sarin albasa yake yi daga Sinkase da Dapaong, ya kawo Sokode, ragowar ya ƙaraso da ita gida Kambole. Tsakanin Dapaong da Sokode kusan kilomita 300 ne, amma wanda ya taɓa bin motar kaya ya san ba a lissafa wannan hanya da kilomita. Ga hawan Defale, ga na Alejo, ga tsaye-tsayen shinge, mutum yana matse a gaban mota tsakanin direba da yaron mota, gwiwa a naɗe tun safe har dare. Lokacin bazara ne, kuma ba ya yawan shan ruwa a hanya don kada ya riƙa tsayar da direba. Da ya dawo sai ya ce sha-raɓarsa ta hagu ta ɗaure, tana yi masa nauyi.

Inna ce ta fara magana. Ta ce da ni, "Kai yaron nan, dubi ƙafar nan da kyau. Ɗaya ce fa ta kumbura, har sheƙi take yi, kuma da ɗumi. Ku kai shi likita ya gani." Na durƙusa na yi gwajina, Yaya bai ko motsa ba. Na ce, "Inna, ki kwantar da hankalinki, gajiyar hanya ce." Shi kuma, da yake hankalinsa na kan albasar da ke jiransa a kasuwa, ya ce, "Tunda Malam ya gwada, shi ke nan." Ni ne wanda ya yi karatun boko a gidan, maganata kan irin wannan ba a cika ja da ita ba.

Na sayo man zafi da ƙwayar kashe ciwo, na riƙa matsa masa ƙafar safe da yamma da iya ƙarfina. Da kumburin ya ƙi sauka, ni ne dai na ce a kira wanzami ya sa ƙaho ya janye mataccen jini. Wata rana bayan isha'i Yaya ya tashi zai yi alwala, sai numfashi ya ƙwace masa. Ya dafe ƙirji, zufa ta karyo, yana tari. A daren muka nemi mota muka bi ta Camba zuwa wani asibiti a Sokode.

Likitan da ya karɓe mu, bayan ya sa an ɗora masa iskar numfashi, tef ya ɗauko irin na tela ya auna kaurin sha-raɓa biyun. Ta hagu ta ɗara ta dama da fiye da santimita 3. Ya danna ƙwaurin da ɗan yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Washegari aka yi hoton eko. Mai ɗaukar hoton ya nuna mini yadda lafiyayyar jijiya ke rufewa in an danna ta da kan na'ura, ita kuwa ta bayan gwiwar Yaya ta ƙi rufuwa, don gudan jini ya cika ta. Wani yanki na gudan ne ya ɓalle, ya bi jini ya ratsa zuciya ya je ya maƙale a huhu.

Na gaya wa likita gaskiyar duk abin da na yi. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce tausa ba ta halatta a ƙafar da ake zargin akwai guda a cikinta, saboda tsoron ɓalle shi, amma babbar ɓarnar ita ce kwanakin da suka wuce ba a fara magani ba. Game da gwajina kuwa, ya ce ai tuni likitoci suka daina dogaro da shi.

Daga baya na bi diddigin maganar. Wani likitan fiɗa na Boston a Amurka, John Homans, shi ya bayyana wannan alama a farkon shekarun 1940, lokacin da babu eko. Da aka samu hanyar ganin cikin jijiya ta hoto, masu bincike suka kwatanta, suka tarar cewa mutane da yawa masu gudan jini ba sa jin zafin tanƙwarawar, wasu da dama kuma suna ji alhali ba su da shi. Gwajin bai isa ya tabbatar da cutar ba, bai kuma isa ya kore ta ba. Ni kuwa korewar na yi da shi, wanda shi ne mafi haɗari.

Abin da ya maye gurbinsa aikin Philip Wells ne da abokan aikinsa a Kanada, wanda mujallar Lancet ta buga a 1997. Maimakon alama ɗaya, sai suka haɗa tambayoyi, kowace da makinta: ko mutum na da ciwon daji, ko an sa masa filasta a ƙafa, ko ya kwanta jinya kwana 3 ko fiye, ko an yi masa babban aiki kwanan nan, ko kumburin ya kama ƙafar duka, ko sha-raɓa ɗaya ta fi ɗaya da santimita 3, ko wurin na lotsawa a ƙafa ɗaya kaɗai. A 2003 suka nuna cewa idan makin ya yi ƙasa, kuma gwajin jinin da ake kira D-dimer bai nuna komai ba, ana iya sallamar mutum ba tare da hoto ba. Abin da ya fi taɓa ni da na karanta jerin shi ne, Inna da idonta kawai ta hango abin da masu binciken ke ba wa maki, wato bambancin ƙafa ɗaya da 'yar'uwarta. Ni ne na rufe mata baki.

Dalilin cutar ma ba sabon sani ba ne. Tun ƙarni na 19 aikin Rudolf Virchow na Jamus ya kai ga fahimtar abubuwa uku da ke sa jini ya daskare a jijiya: ya daina gudu sosai, ko bangon jijiyar ya ji rauni, ko jinin kansa ya zama mai saurin daskarewa. Tsokar sha-raɓa ce ke tura jini sama duk lokacin da aka taka ƙasa, in aka naɗe ƙafa aka zauna sai ya kwanta. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon binciken da ya nuna haɗarin na ninkawa kusan biyu bayan zaman tafiya na awa 4 ko fiye, a jirgi ne ko a mota. An fi yin zancen kan fasinjan jirgin sama, amma fatakenmu da ke kwana a gaban tirela sun fi su daɗewa a naɗe. Masu jego kuma, makonni 6 na farko bayan haihuwa, wato kusan kwanakin arba'in, su ne lokacin da haɗarin ya fi yawa a gare su, kuma a daidai lokacin ne ake yawan gasa musu jiki ana tausa. Masu sikila ma suna cikin waɗanda ya kamata a sa wa ido.

Ba kowane ciwon sha-raɓa ne gudan jini ba, kada a fahimce ni a baibai. Mafi yawa tsoka ce. Dattijo mai ciwon sukari ko mashayin taba da ƙafa ke riƙe masa in ya yi tafiya, ta sake shi in ya tsaya, wannan ƙuncin jijiyar da ke kai jini ƙafa ne, ana gane shi ta kwatanta awon jini na idon sawu da na hannu. Ƙafar da ta yi ja ta yi zafi tare da zazzaɓi kuwa sau da yawa ƙwayar cuta ce ta shiga fata. Farfesa Pitché na Lome ya jagoranci wani bincike a ƙasashen Afirka da dama, aka buga a 2015, ya nuna miki da aka yi sakaci da shi, da cin ruwa tsakanin yatsu, da shafa man bilicin suna buɗe mata ƙofa. Tundurmi, wanda tsofaffi ke fara kawowa a rai, tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Togo ta kawar da shi a matsayin matsalar lafiyar al'umma, ita ce ta farko a Afirka kudu da Sahara. Rarrabe waɗannan aikin likita ne, ba na ƙanin mara lafiya ba.

An sa wa Yaya allurar heparin a fatar ciki, sannan ƙwayoyin hana jini daskarewa na tsawon watanni. Maganin nan tun 1960 aka san ƙarfinsa, lokacin da Barritt da Jordan suka gwada shi a Biristol ta Ingila kan mutum 35 masu guda a huhu: cikin 19 da ba a ba su ba, 5 gudan ya kashe, cikin 16 da aka ba su babu wanda ya kashe. Likita ya hana ƙaho da tsaga da ƙwayar kashe ciwon da na sayo muddin yana kan maganin, don jini zai iya ɓallewa ya ƙi tsayawa.

Da ya samu sauƙi na je ɗakinsa na ce, "Yaya, ka yafe mini, ni na hana a kai ka da wuri." Ya ce, "Haba ƙanena, ai neman sauƙina kake yi. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Na je wajen Inna ma na roƙe ta. Ita cewa ta yi in koma wajen abokin nawa in gaya masa, kada ya koya wa wani. Na je, ya saurare ni, ya ce shi ma haka aka koya masa.

Yaya ya koma fataucinsa. Yanzu yakan sauka a Mango da Kara ya taka ƙasa, da jarkar ruwa a gefensa. Amma ƙafar ba ta koma yadda take ba. Gudan ya lalata ƙananan murafan cikin jijiyar da ke hana jini komawa ƙasa, abin da ke samun kashi 20 zuwa 50 cikin 100 na waɗanda suka yi irin wannan ciwo. Da yamma takan kumbura ta yi nauyi, sai ya sa doguwar safa mai matsewa, kuma ba ya iya tsayuwar kasuwa kamar da. Ɗansa babba ne yanzu ke tsaya masa wajen awo da lodi.