Kafin a fasa majigi a auna a kilo

'Yan uwa 'yan gwangwan na Agege, sana'ata gyaran rediyo, kuma raina na ɓaci in na ga ana fasa tsohuwar na'urar majigi saboda jan ƙarfe. Da irinta aka haska wa iyayenmu fim a ƙofar fada.

In Bell & Howell Filmosound ta faɗo hannunka, duba amfilifayarta tukuna. Ta asali, ta shekarun 1940 da 1950, da kwalaben gilashi take aiki, irin su 6V6. In ka ga taransista, ba ta wancan zamanin ba ce. Ramukan notinta daidai suke da jikin akwatin, babu sabon huji, dalmar wayoyinta ta dushe. Makaɗan jita a Amurka nemanta suke, kuɗinta ya fi na kilo.

Kafin ka ɗaga guduma, nuna wa mai gyara. Allah ya ba da kasuwa.