Ɗakin Tawada

Daga titin Sakkwato da ya ratsa Samarun Zariya, sai ka gangara wani lungu mai jar ƙasa kafin ka iso gidan Goggo. Tun daga zaure kyanwoyi ke tarbar baƙo. Huɗu na ƙirga a tsakar gida: biyu a gindin mangwaro, ɗaya kusa da randa, wani muzuru kuma ya miƙe bisa tabarmar Goggo kamar da kuɗinsa aka sayo ta. Ta biyar ba ta cikinsu.

"Tawada na ɗakin baya, ɗana," in ji Goggo. "In ka shafa ta, ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa sauran."

Da can ɗakin ajiyar hatsi ne. Yanzu ƙofarsa biyu, ta katako da ta raga, don kada mai ɗakin ta sulale ta tsakanin ƙafafun mai shiga. A ciki akwai jan kwanon da ba wadda ke ci a cikinsa sai ita, da kaskon yashi na bahaya, da tsohon bargo. Baƙa ce wuluk, siririya, idonta tar. Ban ga alamar ciwo a jikinta ba.

Ƙwayar cutar sankarar jinin kyanwa take ɗauke da ita, wadda William Jarrett ya gano a Jami'ar Glasgow a 1964. Likitan dabbobi ya gwada jininta sau biyu, wata guda tsakani, kafin ya tabbatar. Sauran huɗun sun fita lafiya, aka yi musu rigakafi, allura biyu da tazarar mako uku. Allurar ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu, kuma kariyarta ba cikakkiya ba ce, shi ya sa aka ware Tawada.

A yawu cutar ta fi tafiya: lasar juna, cin kwano ɗaya, cizo wajen faɗa, sai nonon uwa ga 'ya'yanta. Abin ya tsaya mini a rai. Mun tashi muna jin malamai na cewa ragowar ruwan kyanwa mai tsarki ne, kuma wannan ƙwaya ba ta kama mutum ko kare. Bakin da ba ya ɓata mana alwala, shi ne haɗari ga 'yar'uwarta.

Kowace safiya Goggo na ɗaga leɓen Tawada ta duba dasashi. In ya yi fari, jini ya ragu, sai asibiti. Ɗanyen nama kuwa an hana ta, tunda garkuwar jikinta ta yi rauni. Ko lafiya lau take, duk wata shida likita zai gan ta.

A ganina wuyar aikin tana cikin ginin gidan kansa. Tsakar gidan a buɗe take, katanga kuwa hanya ce ga muzurun maƙwabta, kuma Goggo na zargin ta nan cutar ta shigo.

Da la'asar wata fara-fara ta haura tagar ɗakin. Tare aka haife su da Tawada. Raga biyu Goggo ta sa wa tagar, da tazarar taƙi guda, don kada hanci ya taɓa hanci. Suka zauna suna kallon juna har aka kira magariba, sannan Goggo ta ɗauki jan kwanon ta tafi wanke shi daban.